Na tsinci tsofaffin komik na Teen Titans a kayan kawuna, ya zan yi da su?

Dan_Gwammaja:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah waɗanda suka san harkar komik ku ba ni shawara. Kawuna Allah ya jiƙansa ya yi karatu a Amurka farkon shekarun 1980, to bayan rasuwarsa da muka je kwashe ɗakinsa sai muka jawo wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, sama duk tsofaffin wasiƙu ne da hotuna, can ƙasa kuma komik ne a jere guda 37, yawancinsu The New Teen Titans sai wasu da aka rubuta Tales of the Teen Titans. Matarsa ta ce in kwashe tunda ni ne mai son irin waɗannan abubuwan, in ba haka ba mai ƙosai za a kai wa ta yi naɗi da su. Ni dai su Robin da Raven da Cyborg a katun na san su lokacin da ake nuna shi a Cartoon Network muna yara, wallahi ban taɓa sanin labarin ya girme ni haka ba.

Akwai ɗaya mai lamba 1 a ciki, shi ne na farko na asali? Sannan takardun sun yi ja kamar an jiƙa su da shayi, wasu ƙarfen sitefilar da ya riƙe su ya yi tsatsa har ya ɓata tsakiyar, guda uku kuma kawu ya rubuta sunansa da biro a bango. Ina tunanin in kai a yi musu laminatin kar su ƙarasa lalacewa. Kuma ina son in cike lambobin da babu in hali ya yi.

Na_Landan:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan kawu ya sa ya huta. Ɗan uwa kafin komai, dan girman Allah kar ka yi laminatin ɗin nan, da zarar leda ta manne da takardar shi kenan ka kashe shi, ba mai tara komik da zai kalle shi kuma ba a iya ɓare ta. Haka salatif, kar ka liƙa ko a inda ya yage, gam ɗin yana cin takarda ya bar tabo. Kar kuma a sa masa dutsen guga.

Batun lamba 1 kuwa sai ka duba da kyau domin guda biyu ne masu suna iri ɗaya. Na farkon ya fito Nuwamba 1980, Marv Wolfman ya rubuta George Pérez ya zana, kuɗin da ke bangonsa santi 50 ne kuma takardarsa irin ta jarida ce mara ƙwari. A 1984 kamfanin DC mai buga su suka sake fara wani jerin daga lamba 1 da takarda fara mai kauri, shi kuɗinsa dala 1.25. Shi kuma tsohon jerin daga lamba 41 aka canza masa suna ya koma Tales of the Teen Titans, shi ya sa kake ganin sunaye biyu a akwatin, abu ɗaya ne ya ci gaba. Buɗe shafin farko ka duba ƙananan rubutun nan na can ƙasa, shekarar bugu tana nan.

Amma ni ba ma lamba 1 zan fara nema ba in ni ne kai. Duba ko akwai lamba 2 ta Disamba 1980, nan Deathstroke, babban abokin gabarsu, ya fara fitowa kuma masu tarawa sun fi rububinta. Sai Tales lamba 44 ta 1984 inda Dick Grayson ya fara sa kayan Nightwing bayan ya ajiye na Robin a lamba 39. In kuma ka ga wani mai suna DC Comics Presents lamba 26, bangonsa Superman ne da Green Lantern ba za ka ma zaci yana da alaƙa da su ba, to a tsakiyarsa akwai shafi 16 da aka saka na gabatarwa, nan ne Cyborg da Raven da Starfire suka fara bayyana a duniya, Oktoba 1980. Ka ƙirga shafukan ka tabbatar ba a cire su ba.

Maman_Haidar:
Allah ya gafarta masa. Ni ta wajen ajiya zan yi magana don na yi asarar littattafan babana haka, damina ɗaya gara ta shiga kwalin ta ƙasa, da muka ɗaga sai garin takarda da ƙasa kawai. Akwatin ƙarfen nan shi ya cece ka daga gara da ɓera amma shi ne kuma ya jawo tsatsar, saboda yana tara zafi da laima. Ka fito da su ka shimfiɗa a ɗaki inda iska ke shiga, ba a rana ba, rana tana kashe launin bangon. Kowanne ka ba shi ledarsa da kwali mai ƙwari a bayansa, akwai na musamman da ake sayarwa marasa asid, in ba ka samu ba tukuna ko farar takarda mai tsabta ka raba tsakaninsu da ita, banda jarida. Ka tsayar da su a tsaye cikin kwali kar ka jibga su kan juna, ka ɗora kwalin kan kanta nesa da bango da ƙasa. 'Yan ƙunshin nan masu shan danshi da ake samu cikin kwalin sabon takalmi ka tara ka jefa a ciki. Lokacin hunturu kuma ƙura ce matsalar, kuma takardar tana bushewa ta yi ƙaras, to buɗewa a hankali da hannu busasshe ba mai ko man shafawa.

Malam_Bazazzage:
Ina da abu ɗaya da ban ga an taɓo ba. Kayan nan na mamaci ne, kuma kai ɗan 'yar uwarsa ne, in yana da 'ya'ya su ne magada. Matarsa ta ba ka ne tana ganin tarkace ne, to yanzu da aka ce maka wasu suna iya yin kuɗi ya kamata ka koma ka gaya musu gaskiyar abin da ke ciki, in sun bar maka bayan sun sani ka riƙe da kwanciyar hankali. Allah ya sa mu dace.

Na_Landan:
Gaskiya Malam ya faɗi magana. Sai dai kar a sa rai da yawa, komik na shekarun 1980 an buga su da yawan gaske kuma lokacin mutane sun riga sun fara adanawa, don haka lafiyar littafin ita ce kuɗinsa. Akwai kamfani a Florida, CGC, tun 2000 suke duba komik su ba shi maki daga 0.5 zuwa 10 su rufe shi cikin roba mai tauri, tsatsa da rubutun biro duk suna rage maki. Ni ban ba ka shawarar aikawa ba, kuɗin aikawa da na dubawa duk da dala ne, kuma in an rufe ba ka sake karantawa sai ka fasa robar. In kana son sanin kimarsu shiga eBay, kasuwar intanet, ka duba waɗanda aka riga aka sayar masu kama da naka, kar ka bi farashin da mutane suke sa wa kayansu.

Waɗanda suka fi wuya su ne na 1960 da wani abu. The Brave and the Bold lamba 54 ta 1964, nan Robin da Kid Flash da Aqualad suka fara haɗuwa, sunan Teen Titans kuma sai a lamba 60 ta 1965 da Wonder Girl ta shigo, nasu jerin ya fara 1966 ana sayar da shi santi 12. Waɗannan ka bar su sai gaba. Ka fara cike na Wolfman da Pérez, musamman labarin cin amanar da Terra ta yi musu, Tales 42 zuwa 44 da Annual na 3 (wato fitowar musamman ta shekara-shekara), ni har yau ban karanta labarin matasan jarumai da ya kama min zuciya kamarsa ba, yarinyar da suka ɗauka 'yar uwa ashe Deathstroke take wa aiki tun farko. Kuma ka kula, Tales daga lamba 60 zuwa sama maimaicin labaran jerin 1984 ne, kar wani ya sayar maka da tsada.

Dan_Gwammaja:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Na duba jiya da dare, lamba 1 ɗin tawa ta 1984 ce, dala 1.25 a bango. Amma lamba 2 ta 1980 tana nan, ita ce ma ɗaya daga cikin waɗanda kawu ya rubuta sunansa a kai da kwanan wata, rubutunsa sak yadda yake sa hannu a katin sallah da yake aiko wa Umma, na daɗe ina kallonsa. 42 da 44 suna nan, 43 da Annual ɗin babu. Malam na ji maganarka, ranar Juma'a in sha Allahu zan ɗauki akwatin gaba ɗaya in kai wa babban ɗansa in yi masa bayani, in sun amince in riƙe to ba sayarwa zan yi ba. Laminatin na fasa. Maman Haidar dan Allah ledar nan mara asid a ina kika samo taki, a nan gida ko sai an yi oda daga waje?