Fushin siyasa da besbol a Amurka: abin da aka ce

Jama'a, muhawarar da aka yi kan yadda fushin siyasa ya shiga wasan besbol a Amurka ta yi tsawo, ga abin da na tsinta a cikinta.

1. Kusan kowa ya yarda tashoshin labaran Amurka da fushin mutane suke cin abinci, Fox News ta zuga 'yan Republican, MSNBC (wadda ta koma MS NOW a 2025) ta zuga 'yan Democrat, kai kuma ka kwana da hawan jini a banza. Shawara: in labari ya tunzura ka, duba yadda ɗaya ɓangaren ya kawo shi kafin ka tura wa wani.

2. An rabu kan wasan ƙarshe na gasar besbol ta 2021, tsakanin ƙungiyoyin Atlanta Braves da Houston Astros. Wasu Atlanta Braves suka bi don haushin MLB, hukumar gasar, da ta ɗauke wasan All-Star (na zaɓaɓɓun taurarin 'yan wasa) daga Atlanta, babban birnin jihar Jojiya, ta kai Denver saboda dokar zaɓen jihar Jojiya, wasu suka ce haɗa wasa da siyasa shirme ne, ai ba 'yan wasa suka rubuta dokar ba. Ni dai ina tare da na biyun.

3. Houston Astros kuwa ba mai tausayinsu, satar alamun hannu na sirri na abokan hamayyarsu da suka yi da kyamara a 2017 har yau ba a yafe ba. Da Braves suka doke su da wasanni 4-2 har masu zagin Jojiya sai da suka yi murna.