In ƙara wa motar tauri ne ko in ƙara zagaye? Ku ba ni shawara

Mai_Kwana ya rubuta:

Salam 'yan'uwa. Ina da Mazda MX-5 ta 2001 mai inji 1.8, komai nata yadda kamfani ya ƙera ta yake, ban canza komai ba in banda taya. Sau uku kenan ina shiga filin tsere a ranakun da ake barin kowa ya shiga da motarsa, to abin da ke damuna duk kwanar da na sha da ɗan gudu sai motar ta kwanta gefe kamar kwale-kwale, tayar gaba na ta kuka, ina murɗa sitiyari ita kuma tana neman wucewa gaba abinta. Akwai wata doguwar kwana ta hagu bayan miƙaƙƙiyar hanya, kullum a nan ake barina a baya, har da wani mai irin motata sak, wlh abin na min ciwo.

Na ɗan tara wani abu ina so in sa mata koiloba, wato shokazoba da sifirin a haɗe da ake iya saitawa, da stabilaiza mai kauri, wato ƙarfen da ke haɗa ƙafar hagu da ta dama don rage kwanciya a kwana, da ƙarfen nan da ake gittawa saman shokazoba a cikin bonet, in canza bushin, robobin mahaɗan ƙafa, zuwa masu tauri. Abokina ya ce kar in sayi ko kusa, in kashe kuɗin a kan zagaya filin tseren da mai koyarwa. Ni kuma ina ganin ta yaya mutum zai koyi tuƙi da motar da ke lilo? Dan Allah waɗanda suka daɗe a harkar me kuka gani?

Tsohon_Direba ya amsa:

Ƙanena ai ka ba kanka amsa ba ka lura ba. Ka ce mai irin motarka sak yana wuce ka a kwanar, to shi tasa ba ta kwanciya ne? Laifi tudu ne.

Abin da ka kwatanta, gaba ya ƙi juyawa taya na kuka, mafi yawan lokaci ba daga sifirin yake ba, daga ƙafa yake. Ka shigo da gudun da ya fi ƙarfin kwanar, ka taka birki a makare, sai ka sake shi farat ɗaya daidai lokacin da kake murɗa sitiyari. Da ka saki birki haka nauyin da ke danne tayun gaba sai ya koma baya, tayar da kake roƙo ta juya ka ita ce ka sauke wa nauyi. Daga nan sai tsoro ya sa ka ƙara murɗawa, ƙarin murɗawar kuma ba ya ƙara komai sai kuka da cin taya. Gwada ka fara birki da wuri kaɗan, ka riƙa ɗaga ƙafar a hankali kana shiga, idonka kuma ya bar kan bonet ya tafi can inda za ka fita. A doguwar kwana kar ka yi saurin manne wa ciki, ka ɗan jinkirta, za ka ga ka samu damar ba ta totur da wuri, kuma a ƙaramar mota irin taka gudun fita shi ne komai tunda ba ta da ƙarfin da za ta rama abin da ka zubar.

Ka san hanyar tsere ta Nürburgring ta Jamus, mai tsawon kilomita 20.8. Jeremy Clarkson, mai gabatar da shirin motoci a talabijin, ya sha fama kafin ya zagaye ta a minti 9 da sakan 59 da wata Jaguar mai dizal, marigayiya Sabine Schmitz, ƙwararriyar direbar tsere, ta karɓi wannan motar dai ta yi 9 da 12. Sakan 47, ba a kwance ko noti ɗaya ba. Wane koiloba ne zai ba ka wannan?

Ni na yi irin abin da kake shirin yi, shi ya sa nake magana. Shekarata ta biyu a harkar na ɗaure motata tam, ta daina kwanciya, na ji ni wani ne. Ranar da aka yi ɗan yayyafi ina tsakiyar kwana na ɗaga ƙafa daga totur kaɗan, kafin in ce me, ina kallon inda na fito, ciyawa cike da ƙarƙashin mota. Da can in baya zai zame sai ta jirkice tukuna, in ji a ƙuguna, in gyara. Da ta yi tauri sai ta daina sallama. Wannan kwanciyar da kake ƙi ita ke gaya maka saura kaɗan.

Bakanike_77 ya amsa:

Na yarda da Baba amma ba duka ba. Motar 2001 ta haura shekara ashirin, in shokazobanta na asali ne to sun gama aiki tuni, bushin ma roba ce tana tsagewa. Motar da ta gaji daban, mota mai laushi daban. Wadda ta gaji yau ta yi maka kaza gobe ta yi wani abu a kwana ɗaya, ba abin da za ka koya a kanta. Don haka a ɗaga ta a duba tukuna, abin da ya mutu a mayar da sabo irin na kamfani.

Sannan akwai abin da mutane ba su gane ba. Yawan nauyin da ke komawa kan tayun waje a kwana, nauyin motar ne da tsayin inda nauyin ya taru da faɗin tsakanin tayun hagu da dama ke yanke shi. Tauri ba ya rage shi, raba shi kawai yake tsakanin gaba da baya, kuma ɓangaren da ya fi tauri shi ke ɗaukar kaso mafi yawa, shi ke fara zamewa. Kai da kake kukan gaba ya ƙi juyawa in ka je ka sa stabilaiza mai kauri a gaba kaɗai, sai ka iya ƙara wa kanka ciwon da kake neman magani. In ka sa a baya ya yi yawa kuma ka bi sahun Baba cikin ciyawa. In filin na da gargada ma mota mai tauri tsalle take, tayar da ke sama kuwa ba ta riƙe komai.

Ƙarfen cikin bonet ɗin nan ya fi amfani a motoci masu tsarin ƙafa irin na MacPherson, inda ƙarfin kwana ke bi ta saman shokazoba. Taka hannu biyu-biyu gare ta a kowace ƙafa, yawancin ƙarfin ta nan yake bi, za ka ji ɗan bambanci wataƙila amma agogo ba zai ji ba. Abin da zan ce ka yi:

Alaimen. Motarka ana iya saita kamba, wato karkatar taya ciki ko waje, gaba da baya da notocin da ta zo da su, a ɗan kwantar da saman tayun zuwa ciki. Man birki, wannan kar ka yi wasa da shi, sabon DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230 amma in ya tsufa ya sha danshi ma'auninsa 155 ne, ranar da ya tafasa feda za ta tafi ƙasa salin-alin kana tunkarar kwana. Sai ƙarfen kariya na bayan kujera tunda motar buɗaɗɗiya ce, filaye da yawa ma ba sa barin irinta shiga sai da shi, kuma yana ɗan ɗaure bodin a kyauta. A naɗe shi da soso, ka tabbatar kanka da hular kwano yana ƙasa da shi.

Totur_Zalla ya amsa:

Ni dai gsky ban gane wannan tsoratarwar ba. Na sa koiloba a tawa na rage kusan sakan biyu a rana ɗaya kuma motar ta fi daɗi nesa ba kusa ba. Kuɗin mutum ne, in gyaran na sa shi nishaɗi ya yi mana, ba kowa ke son zama zakara ba, wasunmu kwance-kwancen da ɗaure-ɗauren ma shi ne rabin daɗin.

Tsohon_Direba ya amsa:

Ba wanda ya hana ka jin daɗi ɗana. Amma ba kai ne ka ce mana ka sa sababbin tayu masu danƙo a wannan satin ba? To sakan biyun na wa ne, na taya ko na koiloba? Kai ma ba ka sani ba, tunda tare ka canza su. Toyota da ta fito da GT86 a 2012 da gangan ta sa mata siraran tayu Michelin Primacy marasa riƙo sosai, don direba ya ji iyakar motar a gudun da ba zai kashe shi ba.

Mai_Kwana, ga gwaji. Ka sa manhajar auna zagaye a waya ka yi goma a jere. In tazarar da ke tsakaninsu ta kai sakan biyu ko uku, ko ka canza wani abu ba za ka iya gane ya yi aiki ko bai yi ba. Ranar da suka matso cikin rabin sakan ka dawo mu yi maganar sifirin, abu ɗaya-ɗaya.

Mai_Kwana ya amsa:

Na gode ƙwarai Baba, na gode Oga Bakanike. Na duba wayata yanzu, zagayena na ƙarshe guda takwas tsakanin mafi sauri da mafi jinkiri sakan huɗu ne da ɗoriya, kunya ma ta kama ni. Na kuma leƙa tayar gaba ta dama, gefen waje ya cinye har rubutun jikinta ya fara gogewa, ciki kuwa kamar sabo. Shokazoba ɗaya na baya ma na ga mai a jikinsa. Man birki kuma tunda na sayi motar ban taɓa canza shi ba. Shokazoban, in canza na bayan kawai ko duka huɗun?

Bakanike_77 ya amsa:

Duka huɗun, tare suka tsufa. A yi alaimen bayan an ɗaura su ba kafin ba. Kuma ka riƙa auna iskar taya da zafinta da zarar ka fito daga fili, ka rubuta a takarda, za mu buƙace shi.