Ɗanyen kofi daga Gembu: a ina na kuskure?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena da ke koyarwa a Gembu, can kan tsaunin Mambila, ya zo hutu ya yi min tsarabar ɗanyen kofi kilo biyu. 'Ya'yan kore-kore ne, ba su da ƙamshin komai sai na ɗanyen wake. Ni kuwa tun tasowata kofin da na sani shi ne Nescafé na wurin mai shayi, a zuba madara a kaɗa, shi ke nan. Na ce bari in gwada na ainihi. Na ɗora kasko a kan gas, na soya har suka yi baƙi ƙirin suna ƙyallin mai, hayaƙi ya turnuƙe gida uwargida tana ta buɗe tagogi. Na daka a turmi, na zuba a tukunya na dafa kamar yadda ake dafa shayi, wajen minti 15. Wallahi maɗaci bai fi shi ɗaci ba, ga wani ɗanɗano kamar na daddawa a can ƙasan harshe. Sau biyu ke nan. Kafin in ƙarar da tsarabar yaron nan a banza, masana ku taimaka.

Maman Ummi:
Wa alaikumus salam. Malam, na yi dariya har da hawaye. Daddawar da ka ji ai daddawa ce ta gaske, turmin kayan miya ka yi amfani da shi ko? Kofi ba abin da yake sha kamar wari. Ka sayi ɗan ƙaramin turmi ka ware masa, kada a daka ko tafarnuwa ɗaya a ciki.

Ni a Kasala na girma, a gabashin Sudan, gidanmu Hausawa ne amma gahawa ta zame mana kamar ruwan sha. Mu jabana muke ce mata, da sunan butar ƙasar da ake dafa ta a ciki, mai dogon wuya. Kakata a kan garwashi take suya, cikin ɗan kasko mai dogon mariƙi, hannunta ba ya hutawa da girgizawa. In ya soyu sai ta zagaya da kaskon kowa ya shaƙi ƙamshin, sannan a daka da busasshiyar citta. A zuba a butar, da ya taso sai a sauke, a cusa ɗan zaren kaba a bakin butar ya tare gari, a tsiyaya a ƙananan finjali da sukari. Kai kuma ka bar shi minti 15 yana tafarfasa, ai ba ganda ba ce. Kuma kullum iya wanda za a sha take soyawa, cikin tafin hannu biyu, ba ta taɓa soya na mako ba.

Malamin Kimiyya:
Hajiya ta gama magana a kan turmi. Ni suyar zan tsaya a kai, don a nan ka kashe shi tun kafin ya ga ruwa.

Baƙi mai ƙyallin mai ɗin nan gawayi ne ka yi. Ka rage wuta, ka zuba kaɗan yadda 'ya'yan ba za su hau kan juna ba, ka riƙa juyawa da muciya kamar suyar gyaɗa (ban da yashi dai). Za su tashi daga kore zuwa rawaya, sannan ruwan ƙasa. Wajen minti 8 zuwa 10 za ka ji sun fara fashewa, tas-tas, kamar gugguru. Daga nan ka buɗe kunne. In ka ƙara minti ɗaya ko biyu ka sauke, ka samu suya matsakaiciya, launin dabino busasshe. In ka bari har ka ji fashewa ta biyu, wadda ta fi siririn sauti, mai ya fara fitowa, ɗaci ya fara cin ƙamshi. Na Mambila galibi arabika ne, irin da ke son tudu da sanyi, kuma abin da ake nema a jikinsa ɗan tsami-tsami ne da ƙamshi. Robusta, wanda aka fi yin kofin gwangwani da shi, ya fi ɗaci, sinadarin hana barcinsa kuma ya kusan ninka na arabika. Ka ƙona arabika ka mai da shi abin da bai kai robusta ba.

Da ka sauke ka juye a faifai ka bakace, ɓawon ya tafi, ya huce da wuri, don in ka bar shi a kasko ci gaba zai yi da soyuwa. Ka zuba a kwalba mai murfi, ka bar shi kwana biyu ko uku kafin ka sha. Kada ka sa a firji kusa da miya. Ka riƙa daka na kofi ɗaya kawai.

A nan ne muka ɗan saɓa da Hajiya. Jabana tana da daɗi, amma citta da sukari suna rufe asalin ɗanɗanon. In kana son ka ji abin da ƙasar Gembu ta ba shi, kada ka dafa ko kaɗan. Daka shi tsaki-tsaki, ba lukui ba. Giram 15, wato cokalin cin abinci biyu a cike, ga ruwa mililita 250. In ruwan ya tafasa ka sauke ka jira kamar rabin minti, ka zuba a kai, ka rufe minti 4, ka tace da farin ƙyalle mai tsabta wanda ba ya ƙamshin sabulu. Ruwan ma ka duba, in na rijiyar burtsatsen unguwarku yana da ɗanɗanon kanwa, ka yi da na leda.

Maman Ummi:
Malam, kai ka sha naka salam. Mu dai gahawa ba citta ai ba ta cika ba.

Direban Maraɗi:
Ku dai kuna da lokaci. Ni da asuba a tasha wa zai tsaya min yana sauraren tas-tas? Nescafé da ruwan zafi a filas, in kama hanya. Amma tunda ana maganar kayan ƙamshi, lokacin da nake kai kaya Dakar na sha wanda suke kira kafe Tuba, ana sayarwa a kowace kusurwa. Na yi ta tunanin ina na san wannan yajin, ashe kimba ce, wadda matanmu ke sa wa a kunu da yajin mai jego. Tare suke soya ta da kofin su niƙa. Ɗan Fagge, ka gwada silin kimba ɗaya cikin wanda ka riga ka ƙona, ka cika sukari, kada ka zubar.

Ɗan Fagge:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na sayo sabon turmi a kasuwar Kurmi, na soya cikin tafin hannu biyu ranar Talata, a tsakar gida wannan karon. Na ji fashewar, sai dai wasu sun fi wasu duhu, da alama juyawata ce ba ta kai ba. Yau Juma'a na jiƙa yadda Malam ya ce. Ɗacin nan ya tafi, har na iya kurɓa ba sukari, akwai wani ɗan tsami kamar na tsamiyar biri da ban taɓa sanin kofi na da shi ba. Uwargida ta ɗanɗana ta ce ita na Hajiya za a yi mata. Hajiya, cittar nawa ake sa wa a kofi biyu, kuma tunda ba ni da butar ƙasa, ƙaramar butar shayi za ta yi?