Leicester ta sake faɗuwa: laifin mai ƙungiya ne, ko kociyoyi, ko yaran ne suka ƙare?

Ɗan Foxes (laƙabin Leicester City ke nan) ya rubuta a ƙarshen kakar 2024/25:

Salamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya ce da ni, kuma masu shirin yi mana dariya don Allah su dakata tukuna, amsa nake nema. Wa ya kashe Leicester City?

Mun ƙare kakar Firimiya ta 2024/25 a na 18 da maki 25. Ƙwallo 33 muka ci, aka zura mana 80. Tun ranar 20 ga Afrilu aka sallame mu, da Alexander-Arnold na Liverpool ya taso daga benci ya ci mu ɗaya mai ban haushi a filinmu na King Power, alhali akwai sauran wasa biyar. Wasan Firimiya tara a jere aka yi ana doke mu a gida ba mu jefa ko ɗaya a raga ba. Wanda ya sayi tikiti a filin nan, tun daga farkon Disamba bai sake tashi ya yi ihun ci a wasan Firimiya ba sai a watan Mayu. Wannan ita ce ƙungiyar da ta ɗauki Firimiya a 2016 da maki 81, ta ɗauki kofin FA a 2021, ta je wasan kusa da na ƙarshe a Turai a 2022. Ga shi faɗuwa biyu cikin kaka uku.

Bari in faɗi nawa ra'ayin kafin ku faɗi naku. Ni a wurina ɓarnar daga ofis ta fara, kuma ta daɗe da farawa. Leicester ba ta taɓa zama mai kuɗin Manchester City ba. Dabararta guda ce: ta nemo yaro da araha, ta raine shi, ta sayar da tauraro ɗaya duk shekara da tsada, ta sake zuba kuɗin. Kanté ya tafi Chelsea a 2016, aka kawo Ndidi daga Genk ya toshe wurin. Mahrez ya tafi City a kan fam miliyan 60. Maguire ya tafi United a kan miliyan 80, Söyüncü da ke zaune a benci ya shiga, ba wanda ya yi kewar Maguire. Chilwell ya tafi a 2020, aka sayo Fofana. Haka ake juya abin.

A 2021 aka daina. Ba a sayar da babban ɗan wasa ko ɗaya ba, aka kwaso Daka da Soumaré da Vestergaard da Bertrand, albashi ya hau, gurbin Zakarun Turai da ake lissafi da shi bai samu ba. Da bazarar 2022 ta zo aljihu ya bushe. Schmeichel ya tafi Nice, maimakon a nemo gola sai aka miƙa wa Danny Ward ragar. Fofana ya tafi Chelsea dab da rufe kasuwa, ɗan wasa ɗaya tak aka saya da kuɗi, wato Faes. Lookman da ya yi mana kaka guda a aro kuma ya nuna kansa, aka bari ya wuce Atalanta, kowa ya ga abin da ya zama. Sannan aka zuba ido kwantiragin Tielemans da Söyüncü da Evans da Pérez suka ƙare, duk suka fita kyauta a 2023. Tielemans fa, wanda ya ci mana kofin FA da wannan bugun daga nesa a Wembley, ko sisi ba a karɓa a kansa ba. Bayan shekara guda Iheanacho ma ya bi sahu zuwa Sevilla kyauta.

Duk wannan aikin daraktan wasanni ne, kuma tun 2014 Jon Rudkin ke kan kujerar. A ɓangaren kociyoyi, an sallami Rodgers, Dean Smith ya zo ya wuce, Maresca ya tafi, an kori Cooper, Ruud van Nistelrooy na jiran makomarsa, shi kuwa yana nan daram. To ku gaya min, ina ne na kuskure lissafi?

Malam Na-Gefe ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, lissafinka ya yi, amma ka tsallake abu biyu, kuma ina ganin adalci ne a faɗe su.

Na farko, mutuwar Vichai, mai ƙungiyar. Tun da jirgin nan mai saukar ungulu ya faɗi a bakin filin wasa ranar 27 ga Oktoba 2018, ƙungiyar ta rasa mutumin da in ya shigo kowa ke gyara zama. Ɗansa Top ya gaji kujera yana ɗan shekara talatin da 'yan kai, ga makoki, ga kamfani a kansa. Na biyu, korona. Sana'ar King Power, kamfanin masu ƙungiyar, sayar da kaya ce a filayen jirgin sama na Tailan, kuma shekara biyu aka yi matafiya ba sa motsi. A daidai lokacin ne kuma aka gama ginin filin atisaye na Seagrave da ya ci kusan fam miliyan 100.

Duk da haka yaron nan bai gudu ba. A 2023 ya yafe wa ƙungiyar bashin fam miliyan 194, ya mai da shi hannun jari. Masu ɗaga kwali suna cewa King Power ta tafi, su tambayi magoya bayan Derby ko Reading yadda rayuwa take in ka faɗa hannun mai ƙungiyar da ya janye hannunsa. Ni ba na zargin Top da rowa. Abin da zan yarda da kai a kai shi ne ya cika kunyar mutanen mahaifinsa, ba ya iya duban idonsu ya ce aikinku ya ƙare.

Bala Mai Tsaron Baya ya amsa:

Ku yi haƙuri yayyena, ni ban yarda a wanke 'yan wasa ba. Rudkin ne ya ci gida sau biyu a Anfield cikin minti bakwai, ko Faes? Rudkin ne ya buga fenariti a hannun Pickford ranar da muka yi 2-2 da Everton, ko Maddison? Da ƙwallon nan ta shiga 3-1 za a tafi hutun rabin lokaci, kuma a ƙarshen kaka maki biyu ne kacal Everton ta ba mu. Ƙungiyar da ke da Maddison da Barnes da Tielemans da Ndidi da Vardy da Iheanacho, ta ci ƙwallo 51, ba ta da hujjar faɗuwa a 2023. Raini ne. Sun ɗauka sun fi ƙarfin faɗuwa, har sai da suka ga Doucouré ya ci Bournemouth ranar ƙarshe sannan ido ya raina fata.

Na bana kuwa ba raini ba ne, ƙarfin ne babu. Ku dubi wanda ya fi kowa ci mana ƙwallo: Vardy, ɗan shekara 38, da ƙwallo 9. Ina girmama shi, ya cika 200 cif a wasansa na 500 ya yi sallama, amma mutumin da ya ci 23 ya ɗauki takalmin zinare a 2020 ba shi ne wannan ba, gudun ya ragu, kuma ba laifinsa ba ne. Ricardo tun da gwiwarsa ta samu matsala a 2020 bai koma yadda yake ba. Ndidi da a da in ya tsaya a tsakiya ba mai wucewa, yanzu rauni ya sa sai ya yi wata biyu ba ka gan shi ba. Vestergaard in ɗan gaba ya juya shi, sai dai ya bi shi da kallo. Fatawu kaɗai ne ke tsorata 'yan baya, shi ma gwiwa ta ɗauke shi tun Nuwamba.

Kuma kar a manta da daren Copenhagen. An doke ku a gida, Chelsea ta Maresca ce ma ta doke ku, ku kwashi jiki ku tafi shagali a daren, har a ɗauke ku bidiyo kusa da allon da ke cewa ana kewar tsohon koci Maresca. Washegari aka kori Cooper. Wane koci ne zai iya da irin wannan ɗakin?

Hajiya Ummu Fahad ta amsa:

Ni Arsenal nake yi, amma tun zuwan Ahmed Musa a 2016 nake bin wasanninku, kuma wallahi abin ya taɓa ni. Ƙanena, ina ganin kun raina batun kociyoyi. Rodgers ya fara kakar 2022 da maki ɗaya a wasa bakwai, Brighton ta zuba muku biyar, Tottenham ta zuba shida. Kowa ya ga ya gaji, shi da kansa kullum ƙorafin rashin saye yake a gaban 'yan jarida. Aka bar shi har Afrilu, sannan aka ba Dean Smith wasa takwas ya yi abin al'ajabi. Bana kuma aka yi akasin haka: Cooper yana na 16, bai ma shiga ukun ƙarshe ba, aka kore shi bayan wasa 12, aka kawo Van Nistelrooy wanda bai taɓa fafutukar tsira a Ingila ba. Da abin ya lalace kuma aka zuba masa ido har ƙarshe, a Janairu aka sayo masa ɗan baya ɗaya daga Parma, shi ke nan.

Sai dai ku sassauta wa kanku ta wani gefen. Kaka biyu ke nan a jere duk ukun da suka hau su ne suke komawa: bara Luton da Burnley da Sheffield United, bana ku da Ipswich da Southampton. Ratar kuɗi tsakanin Firimiya da Championship, gasar rukuni na biyu, ta yi faɗin da ko an yi komai daidai da wuya a tsira.

Ɗan Foxes ya sake rubutawa:

Na gode muku duka. Malam Na-Gefe, ban taɓa cewa Top ya sayar ba, kuma ba zan faɗa ba. Har gobe ina tuna yadda Schmeichel ya jawo shi cikin fili a Wembley ya rungume kofin nan yana duban sama. Mutum ne mai son ƙungiyar. Amma asarar fam miliyan 92.5 a kaka ɗaya, da kusan miliyan 90 a mai bi mata, ba korona kaɗai ba ce, domin dokar Firimiya miliyan 105 ta yarda a yi asara cikin shekara uku kuma kowa a ofishin ya san da ita. An rage wa Everton maki takwas, an rage wa Forest huɗu. Mu lauyoyi ne suka fitar da mu a Satumban bara, da hujjar cewa lokacin da aka rufe lissafin shekarar mun riga mun bar Firimiya. Yanzu ga shi an sake miƙa mu gaban kwamiti, ƙila mu fara Championship da ragin maki. Wannan matsin ne ya sa aka sayar da Dewsbury-Hall, yaron gida, gwarzonmu na kakar da muka hau da maki 97, a kan miliyan 30, sannan aka ɗauki kusan miliyan 20 aka sayo Skipp ya zauna a benci.

Bala, maganarka gaskiya ce, amma ita ce ma hujjata. Tun ran gini ran zane. Wa ya ba Vestergaard sabon kwantiragin shekara uku yana ɗan shekara 31? Wa ya shiga Firimiya yana dogaro da ɗan shekara 37 a gaba, ya ƙara da Ayew da De Cordova-Reid da duk sun haura talatin, ya karɓo Édouard aro wanda kusan ba a gan shi a fili ba? Ɗan wasa ba ya hana kansa tsufa. Aikin ofis ne ya hango ranar, ya tanadi magaji shekara biyu kafin ta zo. Daka aka sayo don ya gaji Vardy tun 2021, shekara huɗu abin bai yiwu ba, kuma ba a nemi wani ba.

Hajiya, batun rata na karɓa rabi. Brentford da Brighton da Bournemouth da Fulham ba su fi mu kuɗi ba lokacin da suka hau, kuma ga su nan zaune lafiya. Forest ma da muka lallasa 4-0 a Oktoban 2022, bana ta samu gurbin Turai.

Abin da nake so in gani kafin a fara sabuwar kaka ba shi da yawa. A yanke hukunci kan Ruud yanzu, kar a kai Yuli ana jan ƙafa. A kawo sabon mutum daga waje ya riƙe harkar saye da sayarwa. Duk wanda ya rage masa shekara ɗaya a kwantiragi, ko ya sa hannu ko a sayar da shi a wannan bazarar. Hermansen da El Khannouss na san da wuya su zauna, to a karɓi kuɗin kirki a kansu. Sannan a ba yaran makaranta dama, tunda an kashe wannan uban kuɗi a Seagrave. Monga yana ɗan shekara 15 ya shigo wasan Newcastle, kuma a 'yan mintunan da ya samu ya fi wasu manyan son karɓar ƙwallo.

Bala Mai Tsaron Baya ya amsa:

A kan yaran makaranta muna tare, Yaya. Amma Championship wasa 46 ne, Talata da Asabar, ga duka ga sanyi, ɗan shekara 15 ba zai ɗauke ta shi kaɗai ba. Dole a bar manya biyu ko uku masu zuciya a kusa da su. Ni da za a tambaye ni, Ndidi zan fara roƙo ya zauna, don a ƙarƙashin Maresca da aka matsar da shi gaba ya yi mana aiki sosai. In kuma ya ce zai tafi ba zan ga laifinsa ba, shekara takwas da rabi ya ba mu. Wa kuke ganin zai karɓi aikin koci in har ragin makin ya tabbata?