Neman shawara: Turancin Chaucer na neman gagarar 'yata

Maman Nana: Assalamu alaikum 'yan uwa. A Manchester muke zaune. 'Yata mai shekara 17 ta ɗauki adabin Turanci a A-level, wato matakin ƙarshe na sakandare a Ingila, zangon nan aka ba su labarin Matar Bath daga The Canterbury Tales na Geoffrey Chaucer. Jiya da dare na same ta a teburin kicin, ta ja layi da jan biro ƙarƙashin kusan kowace kalma, idonta ya yi ja. Yarinyar da aka haifa a nan ce fa take ce min wannan ba Turanci ba ne. Na karɓa na duba, ni ma ban tsinci komai ba. Na nemi bayani kuma sai na ga matar ta yi aure biyar, bakinta ba linzami. In sa ta canza darasi ne, ko in bar ta?

Malam Sani: Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ta canza tukuna. Chaucer ya rasu a 1400, kafin lafazin wasulan Turanci ya juya. A zamaninsa a, i, u kusan yadda muke furta su a Hausa suke. Kalmar gida da ya rubuta hous, "huus" ake cewa; wyf, wato matar aure, kuma "wiif". Har k ɗin farkon knight ana furta shi. Ta daina karantawa a zuci. Ta ɗaga murya, layi 20 kullum, da bakin Hausa. Kalmomi da yawa kunne zai gane su kafin ido. Yawancin waɗanda suka rage daga Faransanci suka shigo bayan mamayar da Normawa daga Faransa suka yi wa Ingila a 1066, ta buɗe musu ƙaramin littafi.

Anti Bilki: Maman Nana, ni maganar tarbiyyar ce ta tsaya min. Ba zan ɓoye miki ba, akwai batsa a ciki, kuma labarin da matar ta bayar ya fara ne da jarumin da ya yi wa budurwa fyaɗe. Ki riga ta karantawa a Turancin zamani, sannan ku zauna tare. Akwai wurin da mijinta na biyar yake karanta mata littafin aibata mata kullum, ta fusata ta yage shafuka, ya mare ta har kunnenta ya kurumce. Da na karanta wurin nan da tawa 'yar, mun kai sha biyun dare muna maganar aure da haƙuri da iyakarsa, hirar da na daɗe ina neman ƙofarta.

Malam Sani: Na manta. Ta duba gabatarwar littafin, inda aka siffanta likita cikin matafiyan da ke ba da labaran a hanyarsu ta zuwa kabarin Thomas Becket, babban limamin cocin Canterbury. A jerin malaman da ya karanta akwai Ibn Sina da Ibn Rushd da Razi. Wannan zai ba ta abin rubutawa da ba kowa a ajin zai lura da shi ba.

Maman Nana: Allah ya saka da alheri. Mun gwada bayan Magariba, ta karanta layi 15 da ƙarfi, ƙannenta na leƙe ta ƙofa. Anti Bilki, wace fassarar kika yi amfani da ita? Ina so in gama kafin Litinin.