"Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya": wace ce uwar ɗiyar?

Baban Hafsa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya mai wa'azi ya yi magana kan alamomin tashin alƙiyama, ya rufe da cewa rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Muna fitowa muka kacame da wana har muka rabu ba sallama, abin kuma ya tsaya min a rai. Shi ya ce malam ya ɗora karin maganar inda ba wurinta ba, don ana faɗinta ne kan ranar da mutum ya sa da bakinsa, ita kuwa wannan rana ba wanda ya sa ta. Ni na ce mu ne uwar ɗiyar, mu da ranar za ta riska ba shiri. Ku raba mana gardama.

Malam Ƙarami: Wa alaikumus salam. Yayanka ya fi kusa. Ko da Mala'ika Jibrilu ya tambayi Manzon Allah (SAW) yaushe ce Sa'a, amsar ita ce wanda ake tambaya bai fi mai tambaya sani ba. Uwar ɗiya ita ce mai tsayar da rana. Ku tuna Harold Camping, mai gidan rediyon nan na Kaliforniya. Ya ce 21 ga Mayu 2011 ce ranar hisabi, aka cika tituna da alluna, wasu mabiyansa suka bar aiki suka zuba ajiyarsu a talla. Ranar ta wuce, ya ɗaga zuwa 21 ga Oktoba. Sai a 2012 ya fito ya amsa cewa ya yi kuskure.

Maman Ummi: Malam, ai ba shi ya ji kunyar ba. Wanda ya koma neman aikin da ya ajiye, shi ya ji ta. A Kanungu ta ƙasar Yuganda ma ta wuce kunya. An ce wa mabiya wata ƙungiyar addini duniya za ta ƙare da ƙarewar 1999, suka sayar da abin hannunsu suka miƙa wa shugabanni. Da ba ta ƙare ba aka soma guna-guni, ranar 17 ga Maris 2000 aka kulle su a coci aka cinna wuta. Da gawawwakin da aka tono daga baya, an haura mutum 700.

Autan Hajja: Allah ya kyauta. Ni kakata kuka tuna min. Daren 31 ga Disamba 1999 ina ɗan shekara goma, rediyo ya yi wata guda yana cewa kwamfutoci za su rikice don da lamba biyu suke rubuta shekara, in 99 ta koma 00 sai su ɗauka 1900 ce. Kafin zancen ya iso kunnen Hajja ya zama jirage za su zubo, duniya ta tashi. Shekara goma sha ɗaya ba ta magana da ƙanwarta Inna saboda zoben azurfar mahaifiyarsu. Bayan isha'i ta kira ni, ta kwance ƙullin bakin mayafinta, hannunta na rawa har zoben ya faɗi ya gangara ƙarƙashin gado. Ni na shiga na lalubo shi. Ta ce, "Kai wa Inna, ka ce na yafe, ita ma ta yafe ni." Inna ko takalmi ba ta tsaya sawa ba ta biyo ni. Suka zauna kan tabarma ɗaya, kuka, hira, kuka, rediyo na tsakaninsu. Sha biyu ta buga, Hajja ta riƙe wuyan hannuna gam. Barci ya sace ni a cinyarta. Da asuba na farka na ji tana cewa, "To, an wayi gari."

Ɗan Tasha: Tsakani da Allah, Auta, ba ta aika a karɓo zoben ba? 😂

Autan Hajja: Ko sau ɗaya ba ta ƙara ambatonsa ba. Da ajalinta ya zo, a hannun Inna ta cika, zoben na yatsan Inna.

Maman Ummi: Allah ya jiƙan Hajja. Ka sa ni hawaye, ɗana. To a nan wa ya ji kunya? Ranar ta yi ƙarya, amma ta haifi alheri.

Malam Ƙarami: Ranar ba ta yi ƙarya ba, Hajiya, ta zo a kan lokacinta. Masu zancen ne suka yi. Kuma matsalar kwamfutar gaskiya ce, an yi shekaru ana gyara kafin ranar.

Ɗan Tasha: Mu dai masu sa mana rana mun san su. An ce wata shida wuta za ta tsaya, ga shi yaron da aka haifa ranar alkawarin ya fara gemu. Camping ko ba komai ya ba da haƙuri. Namu sai dai su sake fosta.

Gimbiya: Ai su uwar ɗiyar ba ta da kunya, ranar ce ke jin kunyar zuwa! Ni ta 2012 ce tawa. Aka ce kalandar mutanen Maya, wata tsohuwar al'umma ta Amurka ta Tsakiya, ta ƙare ranar 21 ga Disamba, har NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, ta fito tana kwantar wa mutane da hankali. Ashe zagaye ɗaya ne ya cika, na shekara dubu biyar da ɗoriya, wani ya fara. Wata ƙawata ta ƙi karatun jarrabawa, ta sha kashi a Janairu.

Baban Hafsa: Kun kai ni nesa. Har yanzu ban ji wanda ya ce min ko malam ya yi daidai ba.

Gimbiya: Baban Hafsa, ni fa a gidanmu "uwar ɗiya ta yi ƙarya" ake cewa, ba "ta ji kunya" ba. In haka ne ma ai maganar ta sauya.

Malam Ƙarami: Ban taɓa jin ta haka ba. Bari in tambayi tsohuwarmu.

Maman Ummi: Baban Hafsa, kai dai ka kira yayanka tukuna. Auta, Inna tana raye?