Kare na gadi: ruwa nawa ya kamata ya sha a wannan zafin?

Assalamu alaikum jama'a. Ina da kare a gonar kajina a wajen garin Sakkwato, nauyinsa zai yi kilo 20. Yaron da ke kula da gonar yana zuba masa ruwa a ƙaramin kwano safe da yamma. Tunda bazara ta shigo, duk lokacin da na je sai in tarar da shi kwance, harshe waje, yana ta haki, abincin ma sai ya ga dama. Yaron ya ce wai idan kare ya cika shan ruwa lalaci yake yi. Don Allah masu sani, nawa ne daidai?

Mai kiwo: Wa alaikumus salam. Alhaji, yaron nan dai ganda yake yi, ba ya son zuwa rijiya. Ka sayi babbar roba mai nauyi wadda karen ba zai kifar ba, a ajiye a inuwa. Ka kuma duba ko sarƙarsa tana kaiwa wurin, don inuwar safe ba ita ce ta azahar ba.

Likitan dabbobi: Ranka ya daɗe, lissafin da muke yi shi ne mililita 50 zuwa 60 ga kowane kilo a yini. Naka mai kilo 20 yana buƙatar lita ɗaya da ɗan ɗoriya, wato ledar fiya-wata guda biyu da kaɗan. Amma fa wannan na kwanakin sanyi ne. A Afrilun Sakkwato da zafi ke wuce digiri 40, zai iya ninka hakan. Kare ba ya gumi kamar mu, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa; da haki yake sanyaya jikinsa, kuma kowane haki ruwa ne ke fita. Shi ya sa ba a yi masa awo, a bar ruwan a gabansa dare da rana.

Abinci ma yana da nasa. Mai cin busasshen abincin buhu ko ƙanzo ya fi mai cin ɗumame da miya jin ƙishirwa. Karya mai shayarwa kuwa ba a magana.

Idan ka je gobe, ka ɗaga fatar da ke tsakanin kafaɗunsa ka saki. In ta koma nan take, lafiya lau. In ta tsaya ko ta koma a hankali, ruwa ya yi ƙaranci a jikinsa. Ka taɓa dasashinsa, ya kamata ka ji danshi da santsi, ba danƙo ba.

Ɗan farauta: Mu idan mun dawo daga daji ba ma barin kare ya kafa kai ya shanye kwano, amai zai yi. Kaɗan-kaɗan muke ba shi har numfashinsa ya daidaita. Kuma kada ka bari ya saba da ruwan kwatami.

Hajiya: Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne hadisin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare, Allah ya gafarta masa. Dabbar da ka ɗaure amana ce, ƙanena. Ka ware masa kwanonsa daban, a riƙa wankewa kullum.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Likita, to idan ya koma sha ba ƙaƙƙautawa fa?

Likitan dabbobi: A nan awon yake da amfani. Ka riƙa lura da abin da aka zuba da abin da ya rage. Idan zafi ya sauka amma kullum yana wuce lita biyu, ga yawan fitsari, ka kawo shi a duba suga da ƙoda. In kuwa ka ga amai, zawo ko yana tangaɗi, ka jiƙa masa ciki da ƙafafu da ruwan randa, ba na ƙanƙara ba, ka taho da shi asibitin dabbobi a ranar, wataƙila sai an yi masa ƙarin ruwa.